Amina Tana Cikin Wasansu, Mu Ina Taswirarmu?

Sau uku cikin shekara biyar manyan kamfanonin wasannin kwamfuta suka ɗauko sarautar ƙasar Hausa suka zuba a hajarsu. A watan Satumba na 2020 kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da Crusader Kings III, inda mai wasa zai iya farawa daga shekarar 867 a matsayin Magajiya Daurama ta Daura. A watan Agusta na 2021 aka yi wa Age of Empires III ƙari mai suna The African Royals, aka shigo da Hausawa da Habashawa: ga barade cikin lifidi, ga maharban Fulani, ga maroƙa, ga Sarauniya Amina a kan gaba, an kuma ba ta Kano ta zama babban birninta, ita da kowane ɗan firamare ya san ta Zazzau ce. A watan Fabrairu na 2025 Civilization VII ya fito, sai ga Aminar nan dai cikin jerin shugabannin da za a zaɓa. Kowane karo hotuna kan yi yawo a Facebook da X, mu 'yan boko mu yi ta tura wa juna, ana cewa ai duniya ta san da zamanmu.

Ban hana kowa murna ba. Amma ya kamata mu san abin da muke yi wa guɗa. Aminar da ke cikin waɗannan wasanni haja ce a kan kanta. Wasu ne suka zauna a ofisoshinsu suka yanke mata ƙarfi da rauni, suka zaɓa mata tufafi da abokan gaba, suka sa mata farashi da dala. Ɗan Zariya da ke son ya yi wasa da sunan kakarsa sai ya nemo katin da zai biya kuɗin waje, in ya samu. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya cancanci hankalinmu a wannan duniyar ta wasanni yana wani lungu da ba a ɗaukar hotonsa, wato manhajar zana taswira da ke zuwa tare da yawancinsu, da kuma dubban taswirorin da 'yan wasa da kansu suka ƙirƙira da ita. A can ne ake zama marubuci. A can ne kuma ba a jin ɗuriyarmu.

Bari in yi bayani don wanda bai taɓa gani ba, kuma ba abin kunya ba ne. A shekarar 2002 kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da Warcraft III, wasan dabarun yaƙi a wata duniyar tatsuniya mai mutane da dodanni da matsafa. Asalin wasan shi ne ka gina sansani, ka haƙi zinariya, ka sari itace, ka tara runduna, ka far wa abokin karawarka kafin ya far maka. Sai dai a cikin faifan an saka wata manhaja mai suna World Editor, irin wadda ma'aikatan kamfanin suka gina nasu fagagen da ita. Duk wanda ya sayi wasan ya sami kayan aikin maginin. Yana iya shimfiɗa ƙasa, ya tayar da tsauni, ya haƙa kogi, ya dasa daji, ya kafa gari, ya sa wa kowane mutum suna da magana.

Mutane ba su tsaya ga zana filayen yaƙi ba. Suka juya wasan gaba ɗaya. Maimakon runduna, sai a ba ka jarumi guda. Ka fara a ƙauye da 'yar sanda a hannu, wata tsohuwa ta aike ka neman abin da ya ɓace mata, ka dawo ta ba ka lada, ka sayi takobi wurin maƙeri, ka ƙetare kogi, labari ya yi ta buɗewa har ka isa ga dodon ƙarshe bayan kwana da kwanaki. Wasu taswirorin mutum ɗaya ke bin su, wasu kuma abokai ne ke haɗuwa, wannan maharbi, wancan mai magani, kowa da aikinsa. Da yake wasan bai tanadi hanyar ajiye jarumi daga zama zuwa zama ba idan ana yi da jama'a, sai masu zanen suka ƙirƙiro dabara: in za a tashi, taswirar ta ba ka wani dogon jerin haruffa da lambobi, ka rubuta a takarda. Gobe ka shigar da su, jaruminka ya dawo da sulkensa da ƙarfinsa kamar bai taɓa barci ba. Babu kamfanin da ya koya musu wannan. Buƙata ce ta koya musu.

Yanzu ga wurin da nake so malaman makaranta da injiniyoyin da ke karanta wannan shafi su kasa kunne. Taswira ba ta motsi sai an ɗaura mata ƙa'idoji, kuma World Editor ya kasa kowace ƙa'ida gida uku: aukuwa, sharaɗi, da aiki. Aukuwa: jarumi ya iso bakin rijiya. Sharaɗi: in har yana ɗauke da guga, kuma dare ne. Aiki: macijiya ta fito, kiɗa ya sauya, ƙofar gari ta rufe. Yaron da ya jera irin waɗannan guda ɗari biyu, ya gwada, ya ga macijiyar ta ƙi fitowa, ya kwana yana neman inda ya yi kuskure har ya gano ya manta bai ba jarumin guga ba, wannan yaron ya riga ya koyi zuciyar rubuta manhaja. Ya koyi sharaɗi, ya koyi maimaici, ya koyi ajiye ƙima, ya koyi haƙurin bin diddigin kuskure, wanda shi ne rabin sana'ar. Ya kuma koyi abin da ba a koyarwa a yawancin tarukan horaswa da ake raba takardar shaida a ƙarshensu: yadda za ka yi abu domin wani mutum dabam, ka miƙa masa, ka tsaya kana kallo yana gajiya da shi a minti na biyar, ka koma ka gyara.

Tarihin masana'antar ma ya tabbatar da haka, kuma ba ɓoyayye ba ne. A 2003 wani ɗan wasa da aka sani da laƙabin Eul ya zana wata taswira a Warcraft III ya sa mata suna Defense of the Ancients, a taƙaice DotA, yana koyi da wata tsohuwar taswirar da wani ya yi a StarCraft. Wani mai laƙabin Guinsoo ya ɗora a kai, sannan a 2005 ta koma hannun wani da har yau an fi saninsa da IceFrog. Guinsoo ya tafi kamfanin Riot, wanda ya fitar da League of Legends a 2009. A wannan shekarar kamfanin Valve ya ɗauki IceFrog aiki, aka haifi Dota 2 a 2013. Gasar duniya ta wannan wasa da aka yi a Bukares a 2021, kyautarta ta haura dala miliyan 40. Duk daga taswira ɗaya ta kyauta. Counter-Strike ma haka ya faro a 1999, gyara ne da wasu matasa biyu suka yi wa wasan Half-Life. PUBG da samarinmu ke ƙona data a kansa, wanda ya ƙirƙiro shi Brendan Greene ya faro ne da yi wa wasan sojoji na Arma gyare-gyare. Abin da ya fi ba ni dariya mai ciwo shi ne wannan: ƙungiyar Forgotten Empires, wadda tana cikin waɗanda suka yi aikin sabunta Age of Empires III da muka ga Hausawa a ciki, asalinta wasu masoya wasa ne da suka yi wa Age of Empires II ƙari na sa kai a 2012, Microsoft ya gani ya jawo su. Wato hatta lifidin da muke wa tafi, ta hannun irin waɗannan masu zanen taswira ya biyo. Su sun fara da wasa sun ƙare da zana mu. Mu muna nan muna tura hoto.

To, me ya haɗa wannan da gari irin Fakku? Na zaɓi Fakku da gangan, don kada a ce maganar 'ya'yan Nasarawa ta Kano ce ko ta Maitama. Fakku gunduma ce a ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin jihar Sakkwato inda ƙasar ta matse tsakanin Zamfara da Kebbi. Mazaɓarsu ta tarayya, Kebbe da Tambuwal, ita ta ba Nijeriya Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, saboda haka ba za a ce yanki ne da ba a san shi a taswirar siyasa ba. Na san abin da mai karatu zai ce, don na sha jin irinsa: mutane na fama da rashin tsaro, da tsadar taki, da ajin da ba malami, kai kana kawo maganar wasan dodanni? Wannan suka tana da nauyi, ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Amma tana ɗauke da wani zato da bai tabbata ba, cewa in ba a kawo maganar ba samarin ba za su yi wasa ba. Suna yi. Duk garin da waya mai shafawa ta shiga, wasa ya shiga tare da ita. Je ka rumfar mai cajin waya a kowace kasuwar ƙauye ka duba kawunan da ke sunkuye. Abin da suke yi kuwa galibi irin wasannin da aka ƙera domin su riƙe ido ne su tatsi aljihu: sayi wannan riga, sayi wannan bindiga, dawo gobe ka karɓi tukuici. Daga nan zuwa shagon cacar ƙwallo tafiyar ba ta da nisa. Yaro zai shekara biyu a kan irin wannan bai ƙirƙiri ko tsinke ba.

Tun daga 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibin karkara da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an ci shi da rabi kafin ya karanta tambaya ta farko. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha, kuma buri ne mai kyau. Sai dai shiri irin wannan yana karɓar wanda ya riga ya kamu da sha'awa ne, ya san abin da yake nema har ya cike fam a intanet. Sha'awar kanta fa, a ina ake kamuwa da ita? Ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙasashen da suka yi nisa, da yawa daga masu wannan sana'a sun kamu ne suna 'yan shekara goma sha, suna ƙoƙarin sa wani dodo ya fito daga kogo a lokacin da suke so.

Sai maganar wuta da kayan aiki, wadda ita ce hujjar da malalaci ya fi so. Wasannin da nake magana a kansu tsofaffi ne, kuma tsufansu shi ne alherinsu. Heroes of Might and Magic III ya fito a 1999, da nasa kayan zana taswira, kuma har gobe ana yin sa a Rasha da Folan kamar jiya ya fito; a ƙarshen 2011 ma masoyansa suka yi masa babban ƙari na kyauta mai suna Horn of the Abyss. Kwamfutar gwanjo da ma'aikaci ya jefa a ƙasan gado don ta yi masa nauyi wajen buɗe manyan manhajoji, ita ce daidai wannan aiki. Ba a buƙatar intanet don a zana ko a yi wasa. Farantin sola da ke cajin wayoyi talatin a rumfa zai iya ɗaukar kwamfuta ɗaya. Ban ce abu ne mai sauƙi ba, na ce bai fi ƙarfin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai guda ɗaya ba, irin waɗanda ke tara kuɗin buga kalanda da hotunan shugabanninsu kowace shekara.

Iyaye da malamai suna da tasu damuwar, kuma ta fi ta 'yan boko gaskiya: wasa yana cinye lokaci, yana sa a yi wasa da salla da karatu da aikin gona. Haka ne. Haka kuma aka daɗe ana faɗa game da dara, wadda dattawan ƙasar Sakkwato da Kabi suka gada kaka da kakanni: ramuka talatin a ƙasa, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, kowa na neman jera uku ya ci na ɗan'uwansa. Ba a kashe dara ba, an dai san lokacinta, an kuma san wanda ya mai da ita sana'a ba a ba shi mata. Ƙa'idojinta kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, don kowace ƙarya da irin gyaran da ta yi mata, kuma babu wanda ya nemi izinin wani kafin ya gyara. Al'adar karɓar wasa a sake masa fasali ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Game da tsafi da gumakan da ke cike da wasannin Turawa kuwa, wanda abin ya dame shi ya fi kowa dalilin goyon bayan abin da nake faɗa. Wanda ke wasa a taswirar wani, abin da aka zuba masa shi zai haɗiya. Mai zana tasa shi ke da ikon cewa wannan zai shiga, wannan ba zai shiga ba.

Nan kuma zan raba gari da wasu daga cikin waɗanda suka yarda da ni zuwa yanzu. Da zarar an ce a yi taswirar gida, abin da ke fara faɗo wa ɗan boko a rai shi ne jihadi: Tabkin Kwatto a 1804, Alwasa a 1805, faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ga dawaki, ga tutoci, ga ganuwa, me ya rage? Ina roƙo a dakata. Yankin da Fakku take ba wurin da wannan tarihi ya zama labarin littafi ba ne. Tambuwal ribaɗi ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna. Gwandu na kusa. An ci Birnin Kebbi a 1805, amma Kabawa suka sake tayar da kai a Argungu ƙarƙashin Yakubu Nabame a 1849, aka yi ta gwabzawa har zuwan Turawa. Bikin kamun kifin Argungu da muke alfahari da shi, an ɗaga darajarsa ne a 1934 don karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, alamar an binne wannan gaba. Jikokin ɓangarorin biyu suna aji ɗaya yau, suna auren juna. A wannan zamani da 'yan ta-da-zaune-tsaye ke hura wutar Hausa da Fulani a kafafen sada zumunta dare da rana, a ce an ba yaro linzami ya zaɓi ɓangare ya yi ta kashe ɗayan yana tara maki? Wannan dara ce da za ta ci gida. Balle a mai da Shehu ko Abdullahin Gwandu wani ɗan hoto mai layin jini a bisa kansa, wanda za a iya kashewa a sake farawa. Tarihin nan a bar shi ga aji da littafi, inda ake iya cewa "amma" da "sai dai". Wasa bai iya waɗannan kalmomi ba, ci da rashin ci kawai ya sani.

In ma tarihin ake so, akwai wanda ya yi nisan da ya huce. Kanta na Kabi ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516 bayan saɓani a kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya gina Surame da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan har yau a jihar Sakkwato. Ruwayoyin da ke kewaye da shi sun riga sun zama rabin tatsuniya, da jirgin ruwansa da aikin gayyar da aka gina birnin da shi. Wannan ya isa fage goma.

Amma taskar gaske ita ce tatsuniya da ƙagaggen labari, kuma a nan ne rashin zuciyarmu ya fi fitowa fili. Turawan da suka gina Warcraft daga tatsuniyoyin kakanninsu suka ɗebo, waɗanda marubuta irin su Tolkien suka riga suka jeme musu. Mu fa? Gizo da Ƙoƙi, da Dodo mai cin mutane, da Ɓotorami, da 'yan ruwa, da kurar da kullum haɗama ke kai ta ga halaka. Gizo shi kaɗai ya isa ya sauya yadda ake irin wannan wasa, domin jarumi ne da ba ya cin nasara da ƙarfi. Ka yi tunanin taswirar da takobi ba ya amfani a cikinta, sai ka san wa za ka yaudara, wa za ka haɗa faɗa da wa, wace ƙarya ce za ta fitar da kai daga gidan zaki, wace ce kuma za ta dawo ta kama ka a gari na gaba. Masu zanen ƙetare sun cika duniya da jarumai masu faffaɗan ƙirji. Ba su da Gizo, kuma Gizo ba shi da magadan da za su kai ka ƙara.

Duba kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. Mutum ya bar gida neman wani ruwa mai magani, yana bi gari gari, kowane gari da irin jarrabawarsa, ga abokin hamayya Malam Zurƙe yana ɓullowa inda ba a zata ba, har tafiya ta kai ga duniyar aljannu. Wannan shi ne ainihin ginin taswirar jarumi, an rubuta shi da Hausa shekara kusan saba'in kafin Warcraft III. Ganɗoki na Bello Kagara ma haka, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, har zuwa littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da samari suka yi ta haya a kasuwa. Masu karatun irin wannan labari suna nan, ba sai an ƙirƙiro su ba. Ban ce a kwashi mutanen Imam a zuba a wasa ba izini ba, littattafansa suna da masu haƙƙi. Hanyarsa nake so a ɗauka. Da ya zo rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus, da wasu wurare, ya sa musu rawani da babbar riga, ya ba su bakin Hausa, har yawancinmu muka girma ba mu san baƙi ba ne. Ya karɓi injin wani ya gina nasa gari a kai. Da yau yake matashi, ina kyautata zaton da an same shi a gaban manhajar zana taswira.

Saura tambayar da lauyoyin cikinmu za su yi, kuma su ne ya kamata su fara yi: wa ke da abin da aka zana? A nan ma tarihin ya bar darasi mai tsada. Blizzard ya ga taswirar da aka haifa a gidansa ta zama dukiyar wasu. Ya ja da Valve a kan sunan Dota, aka sasanta a 2012, Valve ya riƙe haƙƙin kasuwanci da sunan. Da Blizzard ya sake fitar da wasan a watan Janairu na 2020 da sunan Warcraft III: Reforged, sai ya ƙarfafa sharaɗinsa cewa duk wasan da ɗan wasa ya ƙirƙira da kayan aikinsa mallakar kamfanin ne shi kaɗai. Tun watan Oktoba na 2023 kuma Blizzard ɗin kansa ya koma hannun Microsoft, a cinikin da ya kusa dala biliyan 69, wato gida ɗaya ke nan da Age of Empires. Saboda haka yaron da ya kwashe shekara yana gina birnin Gizo a can, noma yake a gonar aro. Zai koyi sana'a, wannan ba a ƙwace masa, amma amfanin gonar ba nasa ba ne.

Shi ya sa in ni za a tambaya, da The Battle for Wesnoth za a fara. Wani Ba'ostireliye mai suna David White ya faro shi a 2003, kuma tun daga nan 'yan sa kai ke renonsa. Kyauta ne, a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar kwafa da gyarawa da rabawa, muddin ya bar wa na bayansa ƙofar a buɗe kamar yadda ya same ta. Bi da bi ake yin sa kamar dara, a fili mai gidaje masu kusurwa shida, ba ya son gaggawar yatsa sai tunani. Ƙasa tana da tasiri a cikinsa: wanda ya tsaya a tudu ko a daji ya fi wuyar sara a kan wanda ke cikin fadama. Lokaci ma haka, wasu mayaƙan ƙarfinsu na ƙaruwa da kashi 25 cikin ɗari da rana ya ragu da dare, wasu kuma akasin haka. Ka ba manomin Kebbe wannan ƙa'ida, ba sai ka yi masa dogon bayani ba, ya san abin da fadama ke yi wa doki da damina, ya kuma san wane ne ke yawo da dare. Labaran wasan da maganganun mutanensa duk a rubutu suke, a fayilolin da ake buɗewa da manhajar rubutu ta yau da kullum, fassararsa zuwa harsuna kuma aikin duk wanda ya ga dama ne.

Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci a wurina, don a nan ne kamfanin waje ba zai taɓa iya yi mana ba ko da ya so. Zai iya hayar mai fassara ya sa sojansa ya ce "to" da "na'am". Ba zai san cewa mai gadin ƙofar birni a kudancin Sakkwato ba zai ce "me ya kawo ka" ba, "mi yak kawo ka" zai ce, kuma duk ɗan yankin da ya ga haka a allon kwamfuta sai ya yi dariya ya kira abokinsa ya zo ya gani. Ba zai san wasan da ke tsakanin Bakabe da Bakatsine ba, ko abin da maƙeri zai faɗa wa Buzu in ya zo sayen takobi bashi. Malamin Hausa na sakandare da ke neman abin da zai sa ɗalibai su rubuta zance mai rai, ga aiki ya samu: aji ya kasu, waɗannan su zana ƙasa, waɗancan su rubuta maganar tsohuwa da ta Gizo, mai lissafin cikinsu ya ɗaura ƙa'idoji. In an gama, fayil ɗin da ke ɗauke da irin wannan fage, muddin ba a cika shi da sababbin hotuna ba, bai kai nauyin waƙa ɗaya ba. Xender ɗin da ake tura finafinan Indiya-Hausa da shi a rumfar caji zai kai shi daga Fakku zuwa Kuchi, daga Kuchi zuwa Tambuwal, kafin la'asar ranar kasuwa.